Ɗurar da Aka Yi wa Malam

A unguwarmu ta Illela, in yaro ya ƙi shan kunu, gwaggona ake kira. Yayar mahaifina ce, gajera mai kaurin damtse, kuma duk garin babu wadda ta kai ta iya ɗura. Za ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a cinyarta, ta danne hannuwansa, ta tara tafin hannunta a bakinsa ta cika shi da kunu, sannan ta toshe masa hanci da yatsa. Yaro yana neman numfashi, kunu yana wucewa. Ya yi ta shure-shure, idanu su firfito, ita kuwa tana hira da uwarsa kan tsadar gishiri. In ta gama sai ta ɗaga shi sama ta ce a dubi tumbi. Ni ma haka aka yi mini, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na yi wa ɗana na fari.

Mahaifina malami ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Magidanta yake karantarwa a zaurensa, fatake da maɗinka da 'yan koli waɗanda suka sauke Alƙur'ani suka shiga littattafai. Shi ya koya mini karatu da rubutu, yana cewa kaina ya fi na yayana ɗauka, sai dai bakina ya yi kaifi. A bazarar shekara ta biyu da samun 'yancin kai, ana cikin karatu bayan azahar, littafi ya suɓuce daga hannunsa, ya karkata gefe ya faɗi. Ina gidan aure a Amarawa aka aiko mini. Na goya ɗana na taho da ƙafa, ban ko tsaya ɗaukar takalmi ba.

Na tarar an kwantar da shi a ɗakin da ke bayan zaure. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace, yawu yana zuba a gemu. Magana ta tafi gaba ɗaya, ko uhm ba ya iya cewa da kyau. Idanunsa kawai suka rage, kuma suna nan da zafinsu, ya san kowa, ya san abin da ya same shi. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali haɗiya ce. Duk lokacin da Inna, mahaifiyata, ta ɗiga masa ruwa da ludayi sai ya ƙware, ya yi ta tari har fuskarsa ta yi baƙi, ruwan ya fito ta hanci. Ana tsakiyar zafi, mutum kwance ba ci ba sha, kowa ya san inda hanyar ta nufa.

Yayana, wanda ya kamata ya tsaya kan lamarin, ya yi arewa cikin ƙasar Nijar da goro da atamfa. Aka tura masa saƙo. Kafin ya dawo gidan ya koma hannun Gwaggo, don Inna mace ce mai sanyi, ba ta taɓa ɗaga murya a gaban yayar mijinta ba.

Gwaggo ta fara da wanzamin gidanmu, wanda kakansa ya yi wa kakanmu aski. Ya zo da zabirarsa, ya leƙa bakin Malam, ya girgiza kai.

"Hakin wuya na ya tohu, shi yat tare hanya," in ji shi. "In an hidda shi, yau ma tuwo za shi ci."

Hakin wuya shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, wanda ake cire wa jarirai, wasu suna ce masa beli. An cire wa Malam nasa tun yana ɗan kwana bakwai, amma wanzami ya ce ya sake fitowa. Ɗaliban Malam huɗu suka danne shi. Aka cusa masa itace tsakanin haƙora, wanzami ya danne harshe da ɗan katako, ya zura ƙarfensa mai lanƙwasa ya yanko. Jini ya ɓalle. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da ruwa ya gagara, jini ma zai gagare shi. Malam ya fara shaƙewa da jininsa, ƙafarsa ta hagu tana dukan ƙasa, sai da aka kifa shi ana ta naushin bayansa kafin numfashi ya dawo. Ina bakin ƙofa ina kururuwa, Gwaggo ta juyo ta ce in ruhe musu baki. Wanzami ya nuna mana ɗan nama a tafin hannunsa, bai kai ƙwayar gero uku ba, ya goge ƙarfensa ya tafi.

Washegari na matsa aka kira malamin ɗakin magani, wani saurayi mai farar riga da keke. Ya yi wa Malam allura, kuma ya faɗi gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce shi allura da wankin gyambo aka koya masa, maƙogwaro bai san shi ba, a kai Malam Sakkwato. Gwaggo ta ce babu mai loda mata ƙane a bayan mota kamar albasa, a jira yayana.

A kwana na biyar wani tsohon soja ya zo dubiya. Mutumin Ƙonni ne ta ƙasar Nijar, yana kawo kananzir a jaki ran kasuwa, kuma bai taɓa wuce zaurenmu bai tsaya ya gaida Malam ba. Yana ɗingishi, yana sara wa mutane, yana jefa Faransanci cikin magana, don haka yara da manya suka mai da shi abin tsokana. Ya shigo ya tarar Malam kwance rigingine, Inna tana ɗiga masa ruwa, yana ƙwarewa. Sai kawai ya fizge ludayin daga hannunta ya yi jifa da shi.

"Kashe shi za ku yi? Ku tashe shi zamne!"

Namiji baƙo ya fizge abu daga hannun matar malami, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ta ja mayafi ta fice. Ni na tsaya, na buɗe baki zan wanke shi tas, amma na ga ya riga ya durƙusa ya tallafo Malam, ya jingina shi da bango, ya cusa masa matashi a bayan kafaɗa. Tarin ya lafa nan take, sai na haɗiye zagina.

Ya ce lokacin yaƙin Turawa aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi yana aiki a asibitin soja. Shekaru ya yi yana ciyar da waɗanda harsashi ya farfasa wa muƙamuƙi da wuya, da waɗanda aka buge a ka. Wata Bafaransa ce ta koya masa, da faɗa da dunguri.

"Ɗiyata, hanya biyu ta cikin wuya," in ji shi, "ta abinci da ta lumhwashi. Akwai ɗan ƙyaure da ka ruhe guda in mutun za shi haɗiya. Na Malam ya yi nauyi, ba shi ruhewa da wuri. Ruwa na da gudu, shina riga ƙyauren, shi hwaɗa cikin ƙirji. Abu mai kauri shi ka tahiya sannu. Tahi ki damo mini kunu wanda cokali ka tsayawa ciki."

Na damo. Ya ɗebi rabin cokali, ya sa ta gefen bakin da ke da rai, ya sunkuyar da kan Malam har gemu ya taɓa ƙirji. Sannan ya kama hannuna ya ɗora yatsuna biyu a kan maƙogwaron mahaifina. Tunda nake ban taɓa taɓa wuyan Malam ba, kunya ta kusa kashe ni. Ya ce in bar kunya in saurara da yatsa. Muka jira, muka jira, sai na ji ƙashin maƙogwaron ya hau sama ya sauko. Babu tari. Na fashe da kuka, tsohon ya daka mini tsawa ya ce ba kuka aka kira ni ba, in ɗebo wani.

Ya bar jakinsa a gidan wani abokinsa ya zauna a Illela, yana zuwa safe da la'asar. Ya koya mini in saurari numfashin Malam bayan kowane cokali, in na ji yana ƙurƙur kamar akwai ruwa a ciki in dakata. Ya koya mini in naɗe yatsa da tsumma in share cikin kuncin da ya mutu, don abinci yana maƙalewa a can Malam bai sani ba. In an gama ci ba a kwantar da shi sai an jima. Ya kuma zo da gashin kaza yana sa Malam ya hura, yana sa shi ya matse leɓe ya buɗe. Malam ya ji haushin a mai da shi yaro, ya kama gashin da hagu ya wurgar. Tsohon ya ɗauko ya sake miƙa masa.

"Naman da ka haɗiya shi ka magana, Malam. In guda ya tashi, gudan ma na tashi."

Maganar dai ba ta zo ba, amma idanu suka daina faɗawa, fitsari ya dawo, yana cin cokali ashirin har talatin a zama ɗaya. Matsalar ƙishirwa ce. Kindirmo nake ba shi da fura mai kauri, ina jiƙa tsumma ina shafa masa a leɓe, amma wannan duk ba ruwa ba ne, kuma rana tana dafa ɗakin. Sai ya kafe tulu da ido, ya nuna shi da hagu, ni kuma in kau da kai. Babu abin da na taɓa yi a rayuwata da ya fi wannan ciwo. 'Yan dubiya suka gani, suka fita da shi, gari ya ɗauka cewa 'yar Malam ta hana ubanta ruwa bisa umarnin wani yaron Nasara.

Ga kuma rubutu. Abokan Malam, malaman Illela har da na Gidan Katta, kowa yana wanke allo yana aikowa. Ni ban raina rubutu ba, a cikinsa na tashi, har yau ina sha. Sai nake dama shi da garin gero ya yi kauri in ba shi kaɗan-kaɗan, saura ya taru a babbar ƙwarya. Gwaggo kullum sai ta buɗe faifan ta leƙa, ta dube ni, ta ce ayoyin Allah suna zaune suna jiran izinin mai kananzir.

Yayana ya dawo a kwana na sha huɗu. Tun a tasha aka cika masa kunne, bai ko shiga cikin gida ba ya tarar da tsohon soja a zaure yana wanke hannu. Ina bayan asabari ina jin su.

"Kai mine na? Wanzami kake?"

"A'a."

"Ubanka boka na? Ko kana da takarda awa ta malamin magani?"

"Ba ni da ko guda, Alhaji ƙarami. Na dai yi aikin."

"To wa ya ba ka wuyan ubana?"

Bai jira amsa ba. Bulalar raƙumi ce a hannunsa, ya zuba masa a fuska. Tsohon ya faɗi kan butar alwala, yayana ya bi shi yana tsula masa a baya, a wuya, a gurguwar ƙafar, ɗalibai suna tsaye suna kallo. Na fito da gudu ba mayafi na riƙe bulalar, ya hankaɗe ni na bugu da bango. Suka ja tsohon ta ƙafa har waje, leɓensa a fashe, hularsa ta tsaya a zaure. Daga can waje na ji yana ɗaga murya, ba zagi yake ba, ni yake kira.

"Zamne, ɗiyata! Kada ku kwantar da shi!"

A wurinmu tambayar yayana amsa biyu gare ta, ko gado ko takarda. Wanzami yana da gado, saurayin ɗakin magani yana da takarda ta wani abu daban, tsohon soja kuwa ba shi da komai sai abin da hannunsa ya sani. Bayan na tsufa na raka wata maƙwabciyata babban asibiti, na ga wata yarinya da aka ce shekaru ta yi tana karatun magana da haɗiya kawai. Ta zaunar da mara lafiya, ta ɗora yatsu biyu daidai inda aka ɗora nawa. Na tambaye ta ko kowane likita yana yin wannan, ta ce a'a, ko a cikin masu gyaran magana sai wanda ya ƙara horo a kai aka gwada shi. Don haka ban ga laifin yayana da ya yi tambaya ba, tambaya ce mai kyau, wuyan mutum ba abin wasa ba ne. Abin da na riƙe shi da shi har ya mutu shi ne bai yi wa Gwaggo wannan tambayar ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta ɗauko ƙwaryar rubutu, cike fal, ta ce yau Malam zai shanye ta. Ta ce ta yi wa yaran garin nan ɗura babu iyaka, ko ɗaya bai mutu a cinyarta ba, ƙanenta kuma ita ta goye shi, ba wanda zai koya mata bakinsa. Inna ta ji haka ta ɗauki ɗana ta gudu gidan maƙwabta, don ba za ta iya hanawa ba kuma ba za ta iya kallo ba. Yayana ya shigo da ɗalibai biyu. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafafu, aka janyo Malam daga jikin bango aka kwantar da kansa a cinyarta, dattijo da farin gemu.

Na roƙe su. Na durƙusa na ce su bar ni in dama shi, na rantse zai shanye kafin magariba. Gwaggo ta ce rubutu ba kunu ba ne. Sai na fita na ɗauko muciya na dawo, niyyata in fasa ƙwaryar, ko da za a ce na yi saɓo. Na kai duka, wani ɗalibi ya tare da hannu, na ji ƙashinsa ya yi ƙara. Yayana ya wanka mini mari, ya murɗe hannuna ta baya ya manna ni da bango. Na juya na kafa masa haƙori a damtse har na ji gishirin jini a bakina. Ya kama gashina ya buga fuskata da bangon, haƙorina na gaba ya karye. Bai sake ni ba, ya riƙe ni a tsaye, fuskata tana kallonsu.

Gwaggo ta tara tafin hannunta a bakin Malam, ta cika, ta toshe masa hanci. Ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, sannan ya ja. Na ji shigar ruwan, wani irin sauti kamar an nutsa tulu a rijiya. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta dukan tabarma, ɗalibi ya hau kanta ya zauna. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. Da ta ɗaga hannu za ta ɗebo na huɗu sai ya yi tari mai ƙarfi, baƙin ruwan tawada ya fito ta hanci da baki, ya buɗe ido ya dube ta.

"Bari," in ji Malam.

Hannun Gwaggo ya tsaya a kan ƙwaryar. Kwana goma sha biyar ba a ji muryarsa ba, ga ta nan ta fito sarai, muryar da muka sani. Ɗalibin da ke kan ƙafarsa ya yi kabbara ya ce Malam ya yi magana. Gwaggo ta fashe da kukan murna, hawaye shaɓe-shaɓe, don tana son ƙanenta, wannan ban taɓa musu ba.

"Kun gani? Kun gani? Rubutu ya buɗe baki! Ku riƙe mini shi da kyau a ida sauran."

Na yi ihu na ce ku ji abin da ya ce mana, yayana ya toshe mini baki da hannu. Malam ya sake cewa bari. Na ukun rabinsa a cikin ruwa ya fito, don ta riga ta mayar da tafin hannunta. Ba ta tsaya ba sai da ta kife ƙwaryar ta nuna musu babu ko ɗigo.

Kafin la'asar jikinsa ya ɗauki zafi. Ƙirjinsa yana ƙurƙur, ana ji tun daga zaure. Na tashe shi zaune, na yi duk abin da aka koya mini, amma ko cokali ɗaya bai ƙara karɓa ba, in na kawo sai ya datse haƙora ya rufe ido. Bai sake cewa komai ba. A kwana na uku da hantsi ya cika, kansa a kafaɗata.

A zaman makoki mata sun cika tsakar gida, Gwaggo tana tsakiya tana ba da labari, duk wadda ta shigo sai ta sake daga farko: yadda baki ya buɗe a cinyarta, yadda Allah ya nufa Malam bai tafi bebe ba. Inna tana gefe a takure. Sai ta ɗago ta tambaya a hankali.

"Yaya, mi yac ce?"

Gwaggo ba ta ko yi jim ba. Ta ce kalmar shahada ya yi, sau uku. Ban sani ba ko ƙarya ta shirya ko kuwa zuwa lokacin haka kunnenta ya mayar mata da shi. Mata suka ɗauki salati, ana cewa Malam ya dace. Inna ba ta bi su ba, ta juyo wurina. Leɓena a kumbure yake, ina rufe karyayyen haƙori da gefen mayafi.

"Ke kina nan. Haka na?"

Duk gidan an san bakina, har Gwaggo sai da ta daina motsi. Maganar tana kan harshena, na shirya ta tsaf. Amma na dubi Inna, matar da ta gudu ta bar mijinta a hannunsu, ta kwana uku tana cin kanta a kan haka, yanzu kuma ta zuba mini ido tana jiran abu ɗaya da za ta riƙe.

"Haka na, Inna," na ce.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa fuska, ta karɓi ruwan da aka yi ta miƙa mata tun safe ta sha. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, kuma duk wanda ya ambaci Malam sai ta gaya masa da me ya cika. Ban taɓa gyara mata ba. Yanzu duk sun tafi, ni kaɗai na rage cikin waɗanda ke ɗakin nan, kuma na ji abin da mahaifina ya ce da kunnena. Bari ya ce, sau uku.